Ƙaramin jirgi na mutum goma ko babban jirgin fito: wanne ya dace da iyali mai zuwa tsibiri a wuni ɗaya?

Baban Sadiƙ:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da tafiyar teku. A hutun da muke shirin yi a bakin teku, ni da maiɗakina da ɗanmu mai shekara takwas da kuma mahaifiyata, muna so mu ware wuni ɗaya mu je wani tsibiri da ake yawan yabon kyawunsa, mu dawo kafin dare. Da na bincika sai na tarar hanyoyi biyu ne. Akwai babban jirgin fito mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, wanda yake tashi a kan lokaci, ya sauke kowa a tashar tsibirin, da yamma kuma ya kwaso su. Akwai kuma kamfanonin da ke tallar ƙaramin jirgi mai inji wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum goma ko goma sha biyu, suna cewa za su zagaya tsibirin da mu, su shiga lungunan da babban jirgi ba ya iya kusanta, a tsaya a yi iyo, a dawo da la'asar. Kuɗinsu ya fi na babban jirgin nesa ba kusa ba, amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikinmu babu wanda ya iya iyo sai ni, ni ɗin ma sama-sama. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, maiɗakina kuwa ko a mota jiri yakan ɗebe ta idan hanya ta yi tsawo. Shin ƙaramin jirgin ya dace da irinmu, ko kuwa mu haƙura da zagayen mu bi babban? Kuma idan ƙaramin za mu ɗauka, me ya kamata in tambayi kamfanin kafin in ba da kafin alƙalami?

Na-Teku:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Sadiƙ. Na yi aiki a kan irin waɗannan ƙananan jiragen, saboda haka bari in fara da abin da takardar talla ba ta faɗa. Yawan mutanen da ke cikin jirgin ba shi ne ke sa tafiya ta yi daɗi ko ta ɓaci ba. Matuƙin da yanayin teku na wannan rana su ne ke yanke hukunci. Jirgi mai mutum goma a hannun matuƙi mai haƙuri, a ranar da ruwa ya kwanta, babu abin da ya kai shi daɗi, domin za a kai ku gindin duwatsu, ku leƙa ƙasa ku ga kifi yana kai da komo a ƙarƙashin jirgin, kuma idan yaronka ya yi tambaya akwai mai amsa masa. Wannan jirgin dai, a ranar da iska ta taso, zai riƙa hawa igiyar ruwa yana faɗowa da ƙarfi tamkar motar da ke gudu a kan gargada, kuma duk wanda ya zauna a gaba shi zai sha dukan a ƙashin bayansa. An sha samun mutanen da suka ji ciwo mai tsanani a baya ta wannan hanya, ba tare da jirgin ya kife ko ya yi karo da komai ba. Don haka ko da kun zaɓi ƙaramin, Hajiya ba za ta zauna a gaba ba, komai kyan kallon da ake samu a wurin; wurinta yana tsakiya zuwa baya, kusa da matuƙi, inda tsalle ya fi sauƙi.

Akwai wani abu kuma da baƙi ba sa lura da shi. A bakin teku da yawa, safiya takan zo da kwanciyar ruwa, amma da rana ta take sai ƙasa ta yi zafi fiye da teku, iska mai zafi ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta. Wannan iskar takan yi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar, wato daidai lokacin da ake dawowa. Shi ya sa za ka ga mutane sun tafi suna dariya suna ɗaukar hoto, sun dawo jiƙe sharkaf kowa ya yi shiru. Idan akwai zaɓi tsakanin jirgin da ke tashi da sassafe ya dawo da wuri da wanda ke tashi da hantsi ya kai yamma, na farkon za ka ɗauka.

Game da mutum goma sha biyu da ka ga ana yawan ambata, ba don ƙauna ce kawai ga fasinja ba. A yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da 12 shi ake lissafawa a matsayin jirgin fasinja, kuma ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan adadi a dokokinsu na cikin gida, ta yadda wanda ya haura shi yake shiga ƙa'idoji masu tsauri. Wannan ba yana nufin ƙaramin jirgi ba shi da doka ba ne, amma yana nufin nauyin bincike ya ɗan ƙaru a kanka. Ka tambaye su ko jirgin yana da lasisin ɗaukar fasinja da inshora, ko matuƙin yana da takardar shaida, da kuma ko akwai rediyon sadarwa na VHF a ciki, domin wayar hannu takan rasa sabis a bayan tsibiri, alhali tasha ta 16 a wannan rediyo ita ce ta neman agaji a ko'ina a duniya. Kamfani na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce maka kada ka damu ba a taɓa samun matsala ba, ka gode masa ka nemi wani.

Sai batun rigar ceto, wanda a wurinku shi ne gaba da komai tunda ba ku iya iyo ba. Kada ka tsaya a kan tambayar ko akwai riguna, domin kowa zai ce akwai, kuma sau da yawa suna can ƙarƙashin kujera a ɗaure cikin leda. Ka tambaya ko akwai daidai jikin yaro mai shekara takwas, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, saboda rigar manya idan aka saka wa yaro, da ya faɗa ruwa sai ta zame ta sama ta bar shi. Ka kuma duba lambar da ke jikin rigar. Mai lamba 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo a ruwa mai kwanciya, ba ta juya wanda ya suma ya fuskanci sama. Mai 100N ta fi ta, mai 150N kuma ita aka yi domin buɗaɗɗen teku. Ku saka su tun a gaɓa, ku ɗaure sosai, ko da sauran fasinjojin sun ajiye nasu a gefe suna kallonku.

Maman Ilham:

Malam Na-Teku ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri, amma ni Hajiya nake ji, kuma a ganina matsalarta za ta fara ne tun kafin a tayar da inji. Baban Sadiƙ, ka tambaye su ta ina ake shiga jirgin, kuma ta ina ake sauka a tsibirin. Babban jirgi yana da gada mai makari da mutum zai taka ya shiga a tsaye. Ƙananan jirage da yawa kuwa daga kan yashi suke ɗiba, sai mutum ya naɗe tufafinsa ya shiga ruwa har gwiwa, wani lokaci har cinya, sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake gefen jirgin ko ya hau ɗan tsanin ƙarfe mai santsi yayin da jirgin yake rawa. Ga matashi wasa ne, ga mai ciwon gwiwa kuwa babban aiki ne.

Na ga haka da idona a Zanzibar, a hanyar zuwa tsibirin Changuu, wanda baƙi suka fi sani da tsibirin kurkuku. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita biyar da ɗoriya ce daga tsohon birnin, kusan rabin awa a cikin jirgin katako mai rumfa, kuma wurin ya cancanci zuwa. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara, sannan akwai manyan kunkuran nan na tsibirin Aldabra waɗanda asalinsu kyauta ce daga gwamnan Seychelles a 1919, wasu har yanzu suna jan jiki a inuwa suna miƙo wuya. To amma a gaɓar birnin daga cikin ruwa muka shiga jirgi, kuma wata dattijuwa da ke tare da mu sai da mutum biyu suka tallafe ta, ɗaya ya riƙe hannu ɗaya ya ɗaga ƙafa, tana ta ba su haƙuri kamar ita ta yi laifi. Ba na so a sa mahaifiyar kowa a wannan hali a gaban baƙi.

Wannan kuma yana da alaƙa da cikar teku da janyewarsa, abin da ban ga kowa ya ambata ba. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. A kwanakin tsayuwar wata da cikarsa bambancin ya fi girma. Wurin da jirgi ya sauke ku a bakin yashi da safe, da yamma yana iya zama sai kun taka tafiya mai nisa a kan duwatsu da laka kafin ku isa inda ya tsaya. A can Zanzibar ɗin ma akwai tudun yashi mai suna Nakupenda da ake kai mutane, wanda idan teku ya cika yakan nutse, saboda haka lokacin zuwansa teku ne ke tsara shi. Ka nemi jadawalin cikar teku na ranar, ana samunsa a intanet, ka tambayi kamfanin yadda ya dace da lokacin da suka ba ku.

Abu na ƙarshe, wanda mutane ke jin kunyar tambaya: banɗaki da inuwa. Jirage masu gudu da yawa ba su da banɗaki sam, rumfarsu ma ba ta rufe kowa ba. Awa shida ko bakwai da dattijuwa da yaro a haka ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai da ni ce, babban jirgin za mu bi, idan mun isa Hajiya ta samu wuri mai inuwa ta zauna, masu son zagaye su ɗauki ɗan jirgi na awa ɗaya daga tashar tsibirin.

Abu Yasmin:

Hajiya Maman Ilham, ina girmama ra'ayinki, kuma maganar shiga da fita gaskiya ce tsantsa, amma kada mu sa Baban Sadiƙ ya ɗauka babban jirgi hutu ne zalla. Shi ma yana da wahalarsa. Ana yin dogon layi a tsaye a rana, ana turereniya wajen sauka, kuma duk ɗaruruwan nan a lokaci ɗaya za a zube su a tasha ɗaya, su nufi wuri ɗaya. Wanda ya taɓa sauka a Marina Grande ta tsibirin Capri a Italiya da hantsi a lokacin zafi, sa'ad da jiragen Napoli da na Sorrento suka iso a jere, ya san abin da nake nufi. Kuma akwai tsibiran da kyawunsu daga ruwa ake ganinsa. A Capri ɗin, manyan duwatsun nan da ake kira Faraglioni, na tsakiyarsu yana da ƙofa da ƙaramin jirgi ke ratsawa ta ciki, kuma wanda ya tsaya a tudu daga nesa kawai zai hango su.

Sai dai ina da gargaɗi a kan takardun talla, domin a nan ne ake yi wa mutane rufa-rufa. Idan an jera wurare shida ko bakwai a wuni ɗaya, ka tambayi minti nawa za a yi a kowanne, kuma a wanne ne za a sauka, a wanne ne za a wuce kawai ana nuna muku da yatsa. Ka ɗauki shuɗin kogon Capri, wanda kusan kowane kamfani yake saka hotonsa. Bakin kogon bai fi mita ɗaya tsayi ba, saboda haka dole a sauka daga jirgin da aka zo da shi a koma wani ɗan kwale-kwale mai ɗaukar mutum huɗu, a kwanta a cikinsa, mai tuƙin ya ja sarƙa ya shigar da ku. A ciki ruwan yana haske shuɗi saboda hasken rana yana shigowa ta wata kafa da ke ƙarƙashin ruwa. Amma da igiyar ruwa ta ɗan tashi ake rufe kogon, a ranar da yake buɗe kuma jira yana iya cin awa ɗaya ko fiye a kan ruwa mai rawa, alhali zaman ciki mintuna kaɗan ne. Ka duba wannan da idon Hajiya da na maiɗakinka ka gani ko zai yiwu.

Haka nan dokoki suna sauyawa, hotunan talla kuwa ba sa sauyawa. Gaɓar Maya da ke tsibiran Phi Phi a Tailan an rufe ta a watan Yunin 2018 saboda yawan jirage da baƙi sun lalata murjanin wurin, ba a sake buɗe ta ba sai Janairun 2022, kuma da aka buɗe an hana jirage shiga ta gaba, ana sauke mutane ta bayan tsibirin su tako da ƙafa, an kuma hana iyo a ciki. Duk da haka za ka iya cin karo da tallar da ke nuna jirgi a kan yashin wurin da mutane suna wanka. Saboda haka ka nemi bayanin waɗanda suka je a 'yan watannin nan, ka fi mai da hankali ga masu ƙorafi, domin su ne ke faɗin ko an cika jirgin fiye da adadin da aka yi alkawari. Ni an taɓa sayar mini da tafiyar mutum goma ta hannun wani ɗan kamasho, da muka isa gaɓa sai aka haɗa mu da wasu rukunoni biyu a jirgi ɗaya. Ka tabbatar wanda kake magana da shi shi ne mai jirgin, kuma a rubuta maka adadin fasinja a rasit.

Ma'aikaciyar Jinya:

Zan taɓa batun jiri kawai. Yana faruwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa da abin da cikin kunne ke ji na motsi, shi ya sa kallon waya ko zama a rufaffen ɗaki na ƙasan jirgi yake tsananta shi. Maiɗakinka ta zauna a inda iska ke kaɗawa, ta fuskanci gaba, ta kafa ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, ta kuma nisanci hayaƙin inji. Kada ta fita da yunwa, kada kuma ta cika ciki da abu mai maiƙo. Magungunan hana jiri irin su dimenhydrinate ana shan su ne rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a shiga jirgi, domin idan amai ya riga ya fara amfaninsu kaɗan ne, kuma suna sa barci. Ga Hajiya da yaron kada a ba su komai sai an tambayi likita ko mai kantin magani, musamman idan Hajiya tana shan wasu magunguna ko tana da hawan jinin ido. Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne, masu jiri da yawa sun fi wahala lokacin da ƙaramin jirgi ya tsaya cik yana lilo a wurin iyo fiye da lokacin da yake tafiya.

Baban Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta wa kamfanoni biyu. Ɗaya ya amsa cewa daga gadar katako suke ɗiba, suna da rigar yara da banɗaki, jirginsu kuma mai faɗi ne ba mai gudu ba, sai dai sun ce idan yanayi ya ɓaci za su sauya mana rana, ba su ambaci mayar da kuɗi ba. Ɗayan ya ce su ba sa soke tafiya ko da wane hali ake ciki. Malam Na-Teku, yaya kake ganin waɗannan amsoshi?

Na-Teku:

Na biyun ka cire shi daga lissafi yanzu, Malam. Kamfanin da ke alfahari da cewa ba ya soke tafiya yana gaya maka ne cewa kuɗin ranar ya fi ƙarfin matuƙinsa. A watan Yulin 2018 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya kife a kusa da Phuket ta Tailan yana hanyar dawowa daga tsibiri cikin guguwa, mutum 47 suka rasu, kuma hukumar yanayi ta riga ta yi gargaɗi kafin wannan rana. Jirgin ma ba ƙarami ba ne, wanda ke nuna cewa girma shi kaɗai ba ya ceto idan an fita a ranar da bai kamata ba.

Na farkon ya yi kama da mutanen kirki, amma sauya rana ba ta da amfani ga wanda zai bar garin washegari. Ka saka tafiyar a farkon hutunku domin a samu ranar da za a koma idan an ɗage, kuma ka nemi su rubuta cewa idan su ne suka soke kuma ba a samu wata rana ba, za su mayar da kuɗin gaba ɗaya. Da daren jajibirin tafiyar ka duba hasashen iska da kanka. Ana auna ta da not, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Daga not 11 zuwa 16 za ka fara ganin farin kumfa a kan igiyoyin ruwa, maiɗakinka za ta ji a jikinta amma jirgi mai faɗi zai iya. Idan hasashen ya kai not 17 zuwa sama, ga iyali irin naku ina ganin ku kira su ku nemi wata rana tun kafin su kira ku.

Idan an tsaya wurin iyo, kada kowa ya sauka sai ka ga an kashe inji, saboda farfela, kuma yaron ya shiga da rigarsa a ɗaure, kai kana ruwa kusa da tsani kafin shi. Ka kuma tambaye su ko za su yarda su sauke Hajiya a tashar tsibirin kafin a fara zagayen su dawo su ɗauke ta, domin masu jirage da yawa suna yin haka idan an faɗa musu tun da wuri.